Ƙorai Bakwai a Gaban Anspekter

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na shiga aji rungume da ƙorai bakwai ba. Shekarata ta farko ke nan ina koyar da shimi, wato ilimin sinadarai, a wata lise, babbar sakandare, a Dakoro, kwantiragi gare ni, kuma ranar anspekter ya zo daga Maradi ya ga koyarwata. Abin da ya rubuta a takardarsa shi zai sa a bar ni a aikin ko a sallame ni.

Darasin kan girman atom ne a tablon sinadarai. Ni ɗan masu awon hatsi ne, a gidanmu in kaya ya ƙaru buhu ma ƙaruwa yake yi. Don haka ban ko buɗe littafi ba (mutum ya buɗe littafi a kan abin da ya sani tun yana goye?). Na ari ƙoran maƙwabciyata, na jera su a kan tebur: ƙarama ita ce sodiyom a hagu, suna ta girma har zuwa wata ƙatuwa a dama, kulor. Na bayyana cewa proton na ƙaruwa, elektaron na ƙaruwa, to dole atom ya yi ƙiba. Har na ɗan kalli anspekter in ga ko abin ya burge shi. Rubutu kawai yake yi.

Sai Rabi ta ɗaga hannu, wata ɗaliba ’yar garin Ɗan Gulbi da ba ta cika magana ba.

“Mushe, a gahwarce ni. Littahi ya ce kulor ta hi sodiyom ƙanƙanta.” (Mushe, haka ɗalibai ke kiran malami a nan.)

Na yi mata murmushin manya, na ce ta kawo littafin in nuna mata inda ta ruɗe. Na duba. Na sake dubawa. Ashe yarinyar ce ke da gaskiya. Daga sama zuwa ƙasa atom na girma, wannan daidai ne, amma daga hagu zuwa dama raguwa yake yi.

Abin mamaki, a tsakiyar kunyar nan sai son sani ya kama ni, na ma manta da baƙon da ke baya. Ta yaya kaya zai ƙaru abu ya tsuke? Ban san lokacin da na tambaye ta da ƙarfi ba, ni malami. Ta ce ita yadda ta fahimta, elektaron ɗin duk a zagaye ɗaya suke, proton da ke tsakiya kuwa suna ƙaruwa, suna ƙara jawo su ciki. Kamar damin hatsi, in ji ta: wanda mutum uku suka ja wa igiya ya fi na mutum ɗaya matsewa. Wallahi daɗi na ji, abin ya shiga kaina sarai. Na juya jerin ƙoran ɗaya bayan ɗaya, ƙatuwar ta koma hagu, yara sittin suna danne dariya.

Bayan an tashi, anspekter ya ce zai rubuta a bar ni, tunda ban hau yarinyar da faɗa ba. Har na fara godiya, sai ya rufe alƙalaminsa.

“Aji nawa ka koya ma wanga darasi da ƙoran nan?”

“Ukku, ranka shi daɗe.”

Satin nan haka na bi aji uku da ƙorai a hannu, ina warware abin da na ɗaura. Ya fi koyarwar wuya nesa ba kusa ba, domin ƙoran sun zauna musu a kai daram. A jarrabawar ƙarshen zango kusan rabinsu suka rubuta mini cewa kulor ce babba, kuma ni na ja musu jan biro da hannuna.

Tun daga nan na gane: in dai ba ka duba littafi ba, to ka koyar da darasin a gundure, yadda yara za su manta shi kafin azahar.