Hoton da na ƙara wa girma a taron korona

Ba zan taɓa mantawa da taron da aka yi a Jibiya bayan korona ta lafa ba. An haɗa ma'aikatan lafiya da dattawa daga ɓangarenmu da na Maraɗi, don a kwatanta yadda kowane ɓangare ya yi fama da cutar. Ni aka ɗora wa zana jadawali da taswira, saboda ni kaɗai ne mai kwamfuta a ofishinmu (wannan ya sa kaina ya kumbura ba kaɗan ba).

Na yi wa namu launin kore, na Nijar kuma ja. Dogayen sanduna na gwaji, gajeru na sa takunkumi, ga taswira da kibau suna nuna ɓarauniyar hanya da aka riƙa bi lokacin da aka rufe iyaka. Don in ƙara armashi, na saka wani hoto da na tsinta a waya: wani mutum a bayan babur yana ratsa gonaki, rungume da buhu, babu takunkumi.

Surukina, mahaifin matata Hadiza, yana cikin dattawan da suka zo daga Nijar. Dama tun aurenmu yake mini kallon yaron da bai san komai ba sai latse-latse. Na ƙudura ranar zan wanke kaina.

Bayani ya yi daɗi, ana ta gyaɗa kai. Da na zo kan hoton sai baki ya kwashe ni.

"Jama'a, irin waɗannan marasa tunani su suka jawo jan launin nan. Bari ku ga fuskarsa da kyau."

Na danna, hoto ya cika bango. Farar hula, furfura a gemu, da tawadar Allah ɗin nan ta gefen ido da ɗana ya gado.

Wani likita ya hau tarin ƙarya. Ni kuwa yatsana ya ƙi nemo inda ake kashewa, sai ma ƙara girman fuskar nake yi.

Surukina ya gyara zama, ya daɗe yana duban kansa a bango.

"Ni na, Malam," ya ce a hankali. "Buhun ga, hatcin kunun Hadiza na, lokacin da ta haihu. Kai kac ce babu hatci cikin gari."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Kunun nan har da ni aka sha, da ludayi babba.

Washegari na je Maraɗi na durƙusa. Ya ce ya yafe, amma har yau in na gaishe shi sai ya ce, "Sannu mai hoto." Tun daga nan, kafin in zagi mutum a gaban jama'a, sai na fara tambayar Hadiza ko ɗan uwanta ne.