Wayar Kik a Ƙofar Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaisuwar surukai ta farko bayan aurena ba, ko da kuwa na so in manta, domin mutanen garin ba za su bar ni ba.

Matata Hauwa 'yar fari ce, daga wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar. Mahaifinta (sunansa ba zai fito daga bakina ba, mu ce Baba) mutum ne mai tsananin kunya irin ta mutanen da. Bai taɓa kiran sunanta ba, ni kuwa bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Na kuma ji ƙishin-ƙishin cewa da ƙyar ya yarda da auren, wai an gaya masa ina da rawar kai da yawan surutu. Don haka na ƙudura a raina cewa ranar nan zai ga natsuwa da idonsa.

Na ɗauko tsohuwar motar da na gada wajen mahaifina, irin mai giya a jikin sitiyari, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Na wanke ta, na sa farar shadda, muka taso daga Gumel ni da abokina Sabo. Gaisuwa ta yi kyau. Na zube a zaure, kaina a ƙasa, Sabo ne ke magana a madadina. Har na ji wani tsoho yana cewa, "Ashe yaron mai hankali ne." Sai da na ji kamar in rungume shi.

Bayan azahar muka yi sallama. Sabo ya ce zai leƙa wajen wata gwaggonsa a bayan masallaci, in tayar da mota kafin ya dawo. Na shiga, na murɗa makulli. Ƙas! Na sake murɗawa, ƙas, daga nan ma sai ta yi gum.

Na kunna fitila, ta kawo tar, ke nan ba batir ba ne. Na buɗe bonet na jijjiga kan batir, yana nan daram. Saura kik, wato abin da ke juya inji in an murɗa makulli. Akwai wata 'yar siririyar waya da ke zuwa masa daga makulli, kuma na san halinta, ramukan hanya kan girgiza ta ta saki. Matsalar ita ce ba a kai mata hannu sai ta ƙarƙashi. Turi kuwa ba ya cikin lissafi. Ga yashi, ga shi ba zan tara surukaina su tura ni ba a ranar da nake nuna natsuwa.

Na duba gabas da yamma, ba kowa, rana ta kora mutane cikin gida. Na sa giya a firi, na tuɓe babbar riga, na shige ƙarƙashin mota da singileti. Na lalubo wayar, ga ta tana lilo. Sai dai bakinta ya buɗe, sai an danne ta da yatsa wani kuma ya murɗa makulli.

Ina cikin haka na ji takun mutum ya tsaya a gefen mota.

"Sai yanzu ka ga dama?" na ce. "Shiga ka murɗa mini makulli, kada ka taɓa giya."

Can sai na ji ƙofa ta buɗe, mota ta ɗan lotsa.

"Murɗa mana! A'a, dama, ba hagu ba! Kai ko makullin ɗaki ba ka iya ba ne? Ƙato da kai, sai cin tuwo."

(A nan ya kamata in tsargu. Sabo ɗin da na sani ba a gaya masa ɗaya bai rama da uku ba.)

Kik ya yi tari ya tsaya. Ƙasa ta zubo mini a ido, bakina kuma ya ƙara buɗewa.

"Riƙe shi har ta kama! Don Allah yi sauri kafin tsohon nan ya fito ya gan ni a haka. Ka ga fuskarsa ɗazu? Kamar hadarin gabas. Ni fa ina jin tunda aka haife shi bai taɓa dariya ba."

Aka murɗa, aka riƙe, mota ta tashi da ruri. Na jawo jiki na fito ina murna, fuskata duk baƙin mai, ina cewa, "Ka ga aikin maza!"

Sai na hango Sabo can bakin masallaci, yana tahowa da ƙwaryar fura a hannu.

Na juya a hankali. Baba ne zaune a kujerar direba, hannunsa har yanzu a kan makulli, idonsa a kan gilashi. Ashe fitowa ya yi ya ga ƙafafun surukinsa a ƙarƙashin mota, ya matso don tausayi. Da na ba shi umarni kuwa, kunya ta hana shi cewa shi ne, sai kawai ya shiga ya yi abin da aka sa shi.

Wallahi na so in koma inda na fito. Na durƙusa a yashi da singiletina, na buɗe baki, ba abin da ya fito sai "Barka da rana."

Baba ya sauko, ya kaɗe rigarsa, bai dube ni ba. Ya jira Sabo ya ƙaraso, sannan ya ce masa, "Ka gaya wa mai motar, tsohon ya iya dariya, sai dai ba a gaban suruki ba. In kuma yana neman yaron mota, ina nan, na fara iyawa."

Ya shige zaure. Daga inda nake durƙushe ina ganin kafaɗunsa suna rawa.

Kafin mu isa Gumel labari ya riga mu ta waya, Hauwa ta tare ni a ƙofa tana riƙe da ciki don dariya. Har yau Baba bai yi mini magana kai tsaye ba, amma duk zuwan da na yi, in na tashi tafiya, sai ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, wai in ba shi makulli.

Wayar kik dai na sa an canza ta washegari. Abin da na koya shi ne, in kana kwance a ƙarƙashin mota, ka leƙa takalmin mutum kafin ka buɗe baki.