Mazari Mai Tsayin Taɓarya

"...Ya ƙarfin jiki, tsohuwa? A'a, yi zamanki, kar ƙasusuwan nan su watse a bar ni da tsinta."

"Ka ji ɗan nema! Mazan kirki da leda suke shigowa, ni nawa mijin kullum hannu na dukan cinya."

Jikanta ne, mai zane a wata maɗaba'a. Wata uku yana zarya yana tatsar tsofaffin kalmomi a bakinta, wai zai yi wa yara littafi, kowane shafi kalma ɗaya da hotonta. Gobe za a buga, kuma a bangon littafin an rubuta cewa daga bakin kakarsa ya samo su. Wannan ya fi komai yi mata daɗi, har ta gama sanar da ƙawayenta.

Ta ɗora tabarau tana buɗe takardun zanen da ya miƙa mata. Gammo ya fita. Ragaya ma ba laifi. Da ta zo shafin mazari, ɗan abin nan da ake kaɗa zaren auduga da shi, sai ta yi turus. Ga wata mata ta rungumi ice mai tsayin taɓarya, ƙarti biyu suna tallafa mata.

"Wannan fa? Turken doki?"

"Mazarinki ne."

"Ko dai mazarin aljanu! Wa ya ba ka fensir, kai da ko kaza ka zana sai ta fito agwagwa?"

"Ni ban taɓa ganinsa ba. Ke kika ce naki sai mutum biyu ke ɗaga shi, zaren wuni ɗaya kuma ya isa a ɗaure gari."

"Kai ba ka san a ƙara wa zance gishiri ba?"

"Au, ashe ƙarya kika shirga min? Faɗi da bakinki, in ɗauka a waya."

"Ni? Na yi kaɗi tun ubanka bai san hanyar bakinsa ba!"

"Shi ke nan, a buga haka."

Ya fara tattara takardunsa yana fito. Kaka ta bi takardun da ido. Ƙawayenta duk sun yi kaɗi, za su yi mata dariya har ta mutu. Abin da ya fi ci mata rai, yara za su tashi da wannan shirmen a ka, kuma da sunanta. Amma ta ce wa wannan mai kunnen faifan ta yi ƙarya? Allah ya kiyaye.

"Jawo min akwatin can. Kar ka leƙa, idonka kamar na mage."

Can ƙasa ta zaro wani ƙunshin tsumma, ta warware a hankali. Ɗan siririn tsinke ne da ƙwallon yumɓu a gindi, tsayinsa bai wuce tafin hannu da yatsu ba.

Ya ɗaga shi da yatsa biyu yana nishi. "Wayyo bayana! Kira min ƙartin nan!"

Kaka ta yi dariya har tabarau ya zame.

"Tsufa ne ya sa ya ƙanƙance, kamar ni. Tafi da shi ka zana daidai, na ba ka." Ta share ido da gefen mayafi. "Na uwata ne, tun rasuwarta ban bar kowa ya taɓa ba. In ka karya shi, ka nemi wata matar."