Hajjo Ta Cika a Bakin Mararraba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta huce ba, ni Datti Mijinyawa na Unguwar Tudu nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Gwarzo da Kabo rasuwar kwamfutata, Hajjo. Ta cika ranar Asabar da ta wuce, bayan azahar, a kan teburinta, tana tsaka da aiki. Ba tsufa ne ya ɗauke ta ba. Kashe ta aka yi, kuma na san wanda ya yi zai karanta wannan sanarwa.

Marigayiya ta shigo gidanmu daga hannun wani ɗan gwanjo a Kano, da tsaga a murfi da harafi guda a ɓalle. Ga waɗanda ba su san aikinta ba, tana cikin kwamfutocin da ke gadin sarƙar kirifto ta Tsamiya, wato rajistar cinikin kuɗin intanet, waɗanda duk cinikin da aka ƙulla sai sun shaida kafin ya zauna. Kujerun shaidun ba su da yawa, kuma a duk yankin nan ita kaɗai ce da kujera. Sharaɗin riƙe ta ɗaya ne, kada a neme ka a rasa. Shekara da shekaru ba a taɓa rasa Hajjo ba. Idan bazara ta matsa takan ce fuuuu, in ɗora ta a kan bulo in yi mata fifita. Idan ta shaida ciniki sai ta ce tin, a hankali, ba fariya. Albarkacinta ake matsa mini a benci a majalisarmu ta bakin kasuwar Gwarzo.

Jinyarta gajeriya ce. Masu gina sarƙar sun sanar da babban sauyi, abin da suke kira had fok: a sa'ar da aka yanka hanya za ta rabe biyu. Kwamfutar da ta haɗiye sabuwar manhaja ta bi sabuwar hanya da kujerarta. Wadda aka kira ba ta amsa ba a bar ta a baya, kujerar ta koma hannun na gaba a layi. Malam Gilbert, mai koyar da kwamfuta a garinmu, ya duba ta ya ce za ta tsallake, muddin wuta ba ta yanke mata tana cikin haɗiya ba. Batirin cikinta ya daɗe da mutuwa, da na sola take numfashi.

Da hantsin ranar sai ga Badamasi na Kabo, yayan matata Zinnira, a kan babur. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gona, ya tambayi shanu, har Hajjo ya tambaya da sunanta. Sannan ya ce ana walimar amininsa a Masanawa, lasifika ba wuta, in taimaka da aron batirin sola, kafin azahar yana nan. Jama'a, ku gaya mini yadda mutum zai dubi yayan matarsa ya ce a'a, ga Zinnira tsaye da kwanon fura tana kallona. Na yi kara. Da hannuna na cire batirin, na jona Hajjo a wutar layi, wadda kowa ya san halinta.

Azahar ta yi babu Badamasi, wayarsa a kashe. Sa'a ta cika, Hajjo ta fara haɗiya, ta kai rabi, aka ɗauke wuta. Ta ce ƙit. Wannan ne furucinta na ƙarshe. Da wutar ta dawo Malam Gilbert ya yi iya yinsa, ya rufe murfin, ya ba ni haƙuri.

Ranar kasuwa na isa majalisa na tarar ana yi wa Badamasi barka da samun kujera. Ashe ya sayi sabuwar kwamfuta a ɓoye, kuma shi ne na gaba a layi. Na sa aka tambaya a Masanawa, aka ce rabon garin da walima tun bayan salla. Ya miƙo mini hannu yana murmushi, na karɓa, saboda suruki ne. Amma ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai fama da ɗauri a wuya, da linzamin kwamfuta da ya zama maraya, da bulon da ta saba kishingiɗa a kai. Ta kuma bar ni, wanda yanzu a ƙarshen benci nake zama.

Batirin ya dawo, da goro a leda. Sai dai sharaɗin da ya hau kan Hajjo yanzu yana kan kwamfutar Badamasi, wutar Kabo ba ta fi tamu kirki ba, shi kuma ba shi da sola. Jiya ya aiko ta bakin Zinnira yana neman a ƙara ara masa zuwa kaka. Ban ce a'a ba. Ba a yi mini tarbiyyar hana suruki abin da ke hannuna ba.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a bayan rumbunmu. Malam Gilbert ne zai sa ta a kwalinta. Za a karɓi gaisuwa a zaure, kuma an ware wa Badamasi tabarmar gaba don ya gani da kyau. Iyalan mamaciya sun yanke cewa ba za a sake raba ta da abin numfashinta ba, don haka tare da batirin za a binne ta, a rami mai zurfi, a zuba kankare. Mai buƙatar aro ya taho da digarsa.