Sanarwar Rasuwar Ɗan Siriri, Burushin da Aka Sa Aikin da Ba Nasa Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma bakin da har yau ake kurkurewa da ruwan gishiri, ake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da ɗaukacin 'yan ajin koyon zane na manya rasuwar Ɗan Siriri, burushin fentin ruwa, wanda ya cika ranar Talata da azahar bayan doguwar jinyar da ba a gano kanta ba sai da lokaci ya ƙure.

Duk wanda ya san marigayin ya shaide shi da alheri. Malamar zane ta ce a duk burusan ajin babu mai riƙe ruwa kamarsa, ya sha ya ƙoshi amma ba ya ɗiga. Telan da ke zama a benci na biyu, wanda ya taɓa aron sa sau ɗaya, ya ce wannan ba ya gardama, inda ka nuna masa nan yake bi. Jikar gidan ta ce gashinsa ya fi na mage laushi. Mutum ɗaya ne kawai bai taɓa yabon sa ba, wato maigidan, tsohon direba, wanda ke kiran sa tsinken sakace mai gemu. Za a dawo kan maigidan.

Mai makokin ita ce Goggo, matar maigidan. Sai da ta aurar da 'ya'yanta ta shiga makarantar manya ta koyi karatu, har yanzu kuma da yatsa take bin layi. Mace ce mai sauraro. Maƙwabta sukan zo su juye mata damuwarsu su tafi da sauƙi, ita kuwa ta tashi ta wanke kofunan da suka sha shayi. Da ta ji an buɗe ajin zane sai ta rubuta sunanta ba tare da ta yi shawara da kowa ba. A duk gidan, da tukwane da kujeru da rediyo, komai na kowa ne. Ɗan Siriri ne kaɗai nata.

Aikin marigayin ba mai hayaniya ba ne. Masu koyo ba sa fara da zanen itace ko tsuntsu, da gwajin kala suke farawa. Za a ja ƙananan akwatuna a kan takarda mai kauri, a cika na farko da shuɗi mai duhu, a tsoma burushi a ruwa, a cika na biyu, a ƙara ruwa, a cika na gaba, har shuɗin ya koma kamar sararin sama da safe. Sai a koma ja, a koma rawaya, a haɗa biyun a ga yadda ruwan goro ke fitowa. Yara kan gaji da wannan. Goggo ba ta taɓa gajiya ba, shi ma marigayin bai taɓa ƙorafi ba. Magana biyu kawai aka san shi da ita: ƙil-ƙil idan yana wanka a jikin kwalba, da wani shuu mai sanyi idan yana tafiya a kan takarda. Duk ranar da aka ji waɗannan daga ɗakin baya, an san Goggo tana cikin walwala.

Dole a ambaci wata ɗabi'a tata, domin ba za a fahimci girman musibar ba sai da ita. Goggo ta yi shekaru tana lasar bakin zare kafin ta zura shi a allura. Hannu ya saba, baki ma ya saba. Don haka duk lokacin da ta wanke Ɗan Siriri sai ta sa gashinsa tsakanin leɓɓanta ta ja shi a hankali, ya fito da tsini kamar ƙaya. Malama ta hana ta, ta ce wani fentin ba ya da kyau ga ciki. Goggo ta ce to, ta ci gaba. Kullum. Wani lokacin ma kafin ta fara aiki.

Ciwon ya fara a hankali, a farkon damina. Fenti ya soma ƙin zama. A ja layi, sai kalar ta tsinke ta taru ɗigo-ɗigo kamar gumi a goshi. Rawaya ta koma kalar ruwan wanke-wanke. Gashin marigayin ya rabe gida biyu, ya ƙi haɗuwa ko an lallashe shi. Goggo ta zargi takarda ta canza takarda. Ta zargi ruwan famfo ta koma tace shi. Ta kuma riƙa jin wani ɗaci mai maiƙo a harshenta, har ta canza man goge baki, ta daina shan shayi da madara.

Wata rana ta shimfiɗa takardun a tebur tana kallon su, hawaye na sauka. Maigidan ya leƙo ta bayanta.

"Tsufa ne, uwar yara," in ji shi. "Hannu ya fara rawa. Ki bar wa jikoki wasan kala."

Ta yarda da shi. Wannan ne ya fi komai ciwo. Macen da ta koyi baƙaƙe da furfura a kanta ta zauna ta yarda cewa inda za ta tsaya ke nan.

Ranar Talatar ta tafi aji ba jaka, ba burushi, sai takarda ɗaya a hannu, da niyyar yi wa malama sallama. Malama ta karɓi takardar ta ɗaga ta wajen taga, ta shafa da yatsa, ta sansana.

"Goggo, wannan ba rawar hannu ba ce. Maiƙo ne. Ruwa ba ya zama inda mai ya taɓa. Wa ke taɓa miki burushi?"

Goggo ta dawo gida da hantsi, lokacin da ba a saba ganin ta ba. Abin da ta tarar a falo, da za a iya tsallake shi da an tsallake.

Maigidan yana zaune a kujerarsa, ya ɗora ƙafar hagu a kan ƙaramin tebur, yatsun a warwatse. Ya daɗe yana fama da ƙaiƙayi a tsakanin yatsun ƙafa, irin wanda fata ke yin fari ta jiƙe tana saɓulewa. Likita ya ba shi maganin shafawa mai wari kamar tsohon takalmi da aka zuba wa turare. Tumbi kuwa ya hana hannu isa wurin. Ga gwangwanin maganin a buɗe. Ga Ɗan Siriri a hannunsa, gashin nan mai laushi ya nutse tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, yana shiga yana fita. Maigidan har ya lumshe ido, yana bin waƙar rediyo da hanci.

"Malam," in ji Goggo.

Ya buɗe ido. "Au, kin dawo da wuri."

"Tun yaushe?"

"Ai ina wanke shi. A kwalbar nan taki nake ɗauraye shi tas, in goge a labule, in mayar inda na ɗauka."

"Tun yaushe, Malam?"

"Tun da likita ya ce safe da yamma." Ya kalli burushin ya kalle ta. "Da gashin kaza na fara, ya cika gajarta. Wannan kamar don wurin aka yi shi."

Harshen Goggo ne ya tuna da ɗacin nan, ta isa bayan gida da ƙyar.

An yi ƙoƙarin ceto marigayin. An wanke shi da sabulun wanka, an wanke da na wanki. Daga ƙarshe Goggo ta tafasa ruwa ta jefa shi, ba ta san cewa danƙo ne ke riƙe da gashin a cikin ƙarfen wuyansa ba. Danƙon ya narke. Gashin ya fito ɗaya bayan ɗaya yana yawo a saman tukunya, sandar ta tsaya tsirara. A nan rai ya yi halinsa. Ita ma tukunyar an fitar da ita daga kicin, ba za ta dawo ba.

Marigayin ya bar akwatin fenti, da farin farantin haɗa kala, da tsumman goge ruwa, da 'ya'ya masu yawa, wato takardun gwajin kala, a manne a bangon ɗakin baya, waɗanda aka haifa kafin damina, kowannensu da kalarsa tsaf. Ya kuma bar aminiyarsa kwalbar ruwa, wadda yanzu take killace a bayan gida, babu mai son haɗa ido da ita. Labulen falo ma yana cikin waɗanda abin ya shafa.

An jinkirta binnewa ne saboda mai makokin tana jiran wata magana. Maigidan mutum ne da bai saba furta irin maganar ba. Washegari ya shigo da burushin fentin bango mai faɗin tafin hannu, ya ajiye a teburinta, ya fita yana gyaran murya. Ya gyara ƙafar teburin da ta daɗe tana rawa. Ya sayo lemo. Ya koma sa safa a cikin gida, ga zafi. Goggo ta ga duk wannan, ta ci gaba da jira. A fagen jira ba a taɓa kayar da ita ba.

Yanzu dai an tsayar da lokaci. Za a binne Ɗan Siriri ranar Asabar da yamma a cikin tukunyar furannin da ke bakin ƙofar baya, a naɗe cikin takardar gwajin kalarsa ta ƙarshe. Ana gayyatar malama da tela da duk 'yan aji. Ba za a raba abinci ba, domin mai makokin ba ta iya kallon abinci tukuna. Ba a karɓar gudunmawar burushin da ya fi ɗan yatsa kauri. Ana kuma roƙon masu zuwa ta'aziyya, don girman Allah, kada kowa ya cire takalmi. Goggo za ta koma aji ranar Talata mai zuwa da burushin aro, kuma ta yi wa malama alkawarin da yatsu za ta riƙa gyara tsininsa.

Kafin a fitar da wannan sanarwa, Goggo ta karanta wa maigidan ita a falo, a hankali, yatsanta na bin layi, ba ta tsallake ko kalma ɗaya ba. Da ta kai wajen ƙaramin yatsa sai ya kashe rediyo. Da ta gama ta naɗe takardar ta ɗora a cinya, ta jira.

"Ni zan haƙa ramin," in ji shi.

Ta ci gaba da jira.

Ya daɗe yana kallon safarsa. Sannan ya ɗago, da muryar da ta kai har kicin, inda jikarsu ta daina wanke kwano ta tsaya cik.

"Na sha ganin ki kina sa shi a baki, na kau da kai. Na ga kina kuka a kan takardun nan, na ce miki tsufa ne. Hannunki lafiyarsa ƙalau, uwar yara. Ni ne. Ki yafe mini."