Lauyoyi Uku, Riga Ɗaya

Jama'a, jiya na yini a kan benci mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ce, a ofishin lauyoyin kyauta. Ba ni ke da shari'a ba, rakiya na yi. An ce zumunta a ƙafa take, to ni tawa a ƙugu ta sauka, har yanzu yana ciwo.

Maƙwabcina tela na raka. Mai shagon da yake haya ya samu wanda zai biya fiye da shi, sai ya garƙame ƙofa da kwaɗo tun wa'adi bai cika ba. Keken ɗinkin tela na ciki, kuma da keken nan yake ciyar da 'ya'yansa. Tun ranar ya koma zaman ƙofar gidana, waɗanda suka ba shi ɗinki na wucewa suna harararsa. Ni na ce masa akwai ofishin da manya suka buɗe domin talaka. Da idona na ga bikin buɗewar a talabijin, Mai Girma Uban Marasa Gata har da share hawaye.

Zuwanmu na farko muka tarar da wata lauya, siririya, takardu sun kai mata haɓa, fankar sama ta zama gidan gizo-gizo. Ta saurari tela tsaf, ta ce gaskiya na tare da shi. Sai dai duk ranar da muka koma, magana ɗaya ce.

"Baba, ka yi haƙuri, rigar ta fita."

Rannan na kasa daurewa na ce, "Ranki ya daɗe, wai wace riga ce?"

Ashe su uku ne lauyoyin ofishin, baƙar rigar shiga kotu guda ɗaya ta rage musu, ɓera ya gama da sauran. Alƙali kuwa ba ya sauraron lauya babu riga, don haka karɓa-karɓa suke yi. Ranar shari'ar tela, riga na wata kotu. Ranar da riga ta dawo, alƙali ya tafi taro. Ranar da riga da alƙali suka haɗu, babu mai a babur ɗin ofis.

Na ce, "Ku saya da kanku mana."

Ta ce, "Da albashin da muke jira?"

"To ku faɗa wa na sama."

"Mun faɗa. An kafa kwamiti."

Nan na yaba wa manyanmu, Allah ya ƙara musu basira. Gaggawa aikin shaiɗan ce. Na ji ma kwamitin ya tafi ƙasashen waje ya gano yadda su can suke rataye tasu rigar.

Sai tela ya ce, "Ɗiyata, in dai riga ce matsalar, ai sana'ata ce."

Na zungure shi. "Da wane keken?"

Ya ce, "Kafin keke ai akwai allura."

Ni na ba da baƙin yadin da nake ajiya. Ya zauna a inuwar gidana ya ɗinka ta da hannu, yana zura zare da idon da ya fara gajiya. Wallahi ya ba ni tausayi, amma riga ta fito tsaf.

Jiya muka kai ta, kowa ya sha wanka, don mun ɗauka ranar ta zo. Lauya ta saka, ta zauna mata cif. Sai ta sunkuyar da kai.

"Baba, akwai wani bawan Allah a tsare tun bara, bai taɓa ganin alƙali ba. Yau aka sa tasa shari'ar, kuma ɗaya rigar ta fita."

Na buɗe baki zan yi faɗa, tela ya riƙe hannuna.

"Je ki, ɗiyata. Ni ko ba komai a gidana nake kwana."

Muna tsaye ta hau bayan babur, iska na kaɗa rigar. Tela ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya ce mini, "Ka ga yadda kafaɗar ta zauna kuwa?"

Na gani. Ranku ya daɗe 'yan kwamiti, kada ku wahalar da kanku dawowa da wuri, riga ta samu, har ta shiga kotu. Mai ɗinkin ne dai har yanzu yake ƙofar gidana, kekensa na tsatsa.