Annobar da Fom ɗin Kallamu ya Kawo Gari

Wani mutum ne a asibitin garinmu, Injiniya Kallamu. Injiniyan shi ya raɗa wa kansa, ya kuma bi shi. Taƙamarsa biyu ce, kwamfuta da ƙoshin lafiya. A cewarsa, tun da aka yanke masa cibi ko mura ba ta taɓa yi masa sallama ba, kuma bai kai arba'in ba, ga baƙin gemu nan shaida. Ba ya zama a benci. Idan an ce ga wuri, sai ya ce, "Ƙwaƙwalwa irin tawa a tsaye take aiki."

Duk wannan baje koli domin Sista Talatu ne, shugabar nas-nas. Ya kai maganar aure, ta ce tana shawara, don ita ta gaji da jinya a wurin aiki, ba za ta ƙara da ta gida ba.

Da asibiti ya tashi daina rubuta cututtuka a kati, sai aka ba Kallamu aikin tsara fom a kwamfuta. Ranar miƙa aiki ya bugi ƙirji.

"Fom ɗina ba ya kwana da gurbi a buɗe. Idan ma'aikaci ya yi kasala ya tsallake wuri, da kansa yake cikewa."

"Da me zai cike?" in ji Sista Talatu.

"Ranki ya daɗe, wannan ilimi ne mai zurfi."

Zurfin kuwa shi ne, ya saita fom ya riƙa cike kowane gurbi da amsar farko da aka taɓa ba shi. Amsar farko kuma tasa ce. Ranar gwaji ya rasa majinyaci, ya kulle ofis ya zazzage wa kwamfuta gaskiyarsa tas, tunda ita ba ta tsegumi. Sannan ya manta bai goge ba.

Nas-nas suka gano daɗin abin. Suna kawai za ka rubuta, ka danna, ƙit, an gama. Layi ya riƙa gudu kamar ruwa. Kallamu ya ƙara wa hularsa karkata.

Wata bai cika ba sai ga mota daga ma'aikatar lafiya, ƙuuu. Wata likita, Dakta Asabe, ta fito da takunkumi a hanci, ta tara ma'aikata.

"Me kuke ci a garin nan? Rahotonku ya nuna kowa basur gare shi."

Ta buɗe rahoton, ta ci gaba.

"Mai karaya, basur. Wanda kunama ta harba, basur. Ga jaririya an haife ta ranar Laraba, an rubuta namiji ce, shekara hamsin da bakwai, basur mai tsiro, da ƙaiƙayin haɓa saboda rinin gemu."

Kallamu ya gyara tsayuwa, ransa a ɓace. "Likita, kwamfuta ba ta ƙarya. Ni dama na sha faɗa, mutanen garin nan yaji zai kashe su. A tausaya wa irinmu masu lafiya da ke zaune cikinsu."

"To, abin mamakin, duk garin lambar waya ɗaya gare su. Bari mu ji mai ita."

Dakta Asabe ta danna lambar a wayarta. Can cikin aljihun Kallamu waya ta ɗauki kiɗan kalangu, tangaran-tangaran. Ya danne aljihu. Ya yi tari. Kalangu ya ƙara ƙaimi.

"Injiniya, ana kiranka," in ji Sista Talatu.

"Ba na ɗaukar baƙuwar lamba."

Dakta Asabe ta sauke takunkumi. "Alhamdu lillahi, annoba ta tsaya a kan mutum ɗaya. Baba, zauna mu yi magana."

Baba. A gaban Talatu. Kallamu ya dubi bencin katako, bencin ya dube shi. Gumi ya gangaro ta gemu, ya ɗiga baƙi ƙirin a kan farar shadda.

Sista Talatu ta shiga ɗakin haihuwa, ta fito da filo mai laushi, ta ɗora a benci, ta daddaɓa shi.

"Na gama shawara, Baba. Zauna a hankali, kada ƙwaƙwalwar ta fashe."